XSLT 1.0: yaya zan bambance lamba da rubutu?

Sannunku. Ina juya fayil ɗin XML zuwa teburin HTML da manhajar xsltproc, wadda XSLT 1.0 (harshen juya XML zuwa wani tsari) kaɗai take ganewa. So nake duk abin da ke cikin alamar <daraja> ta XML ɗin, in lamba ce a wuce da ita ta format-number() don a tsara fitowarta, in rubutu ne a bar shi yadda yake.

Na gwada string(number(.)) != 'NaN' (NaN shi ne abin da number() ke bayarwa in abu ba lamba ba ne). Ya kama 250 da 12.5 lafiya lau, amma 1,250.50 ya ɗauke ta rubutu saboda waƙafin. Na cire waƙafi da translate(), wannan ta warware.

Inda na maƙale shi ne lambobin shaidar kaya irin 00742. Ba na lissafi ba ne, amma number() na mayar da su 742, sifirin gaba ya ɓace, har su fito 742.00. Ga shi 0.75 ma da sifiri ta fara, don haka da na gwada starts-with(., '0') don ware masu farawa da sifiri, ya kwashe har da ita. Castable as da matches() kuwa na XSLT 2.0 ne, kuskure kawai suke jefo min, kuma canza xsltproc ɗin ba a hannuna yake ba.

Wane sharaɗi zan sa a xsl:when da zai ɗauki 0.75 da 0 a matsayin lamba, ya bar 00742 a matsayin rubutu?