Wa ya gajarta alkama?

Sani: Jama'a, yau raina a ɓace yake. Ina gabatar da aikina wani babba ya miƙe ya ce wai neman gurbin ƙwayoyin gadon da ke tsara tsawon alkama ɓata lokaci ne. Alhali alkamar da, kana zuba mata taki sai ta zanƙale, iska na kaɗawa ta kwanta, zangarniya ta lalace a ƙasa. Ba don Borlaug, masanin noma ɗan Amurka, ya ƙirƙiro gajeriyar alkama ba, da Indiya da Pakistan sun ji jiki a shekarun 1960. Kuma sanin gurbin ƙwayoyin gadon gajarta guda biyu a kan kuromozom, wato zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, cewa Rht-B1 na kan 4B, Rht-D1 na kan 4D, shi ya sa mai inganta iri ke gwada ganyen ɗan tsiro ya san gajere ne ko dogo tun bai girma ba.

Malam Habu: Tsaya nan, ɗana. Ya ƙirƙiro? Ɗan Adam bai taɓa ƙirƙirar tsiro ba. Gyara bakinka tukuna.

Binta: Malam, ba ma sai an kai can ba. Gajartar daga Norin 10 ta fito, alkamar Japan da aka fitar a 1935. Bayan yaƙin duniya na biyu wani masanin noma mai suna Salmon ya kai ta Amurka, Orville Vogel ya yi barbararta a jihar Washington, daga hannunsa ta isa ga Borlaug a Mekziko. Amma da aka zo Nobel a 1970, sunan mutum ɗaya aka kira.

Garba: Ke dai Binta duk abin da ya fito daga Amurka sai kin soke shi. Irin da ke zaune a Japan wa ya ciyar a Indiya? Wanda ya haɗa shi da mai jure cutar tsatsa har ya yi amfani a gonakin duniya, ya ƙirƙira.

Binta: Ya haɗa dai. Kai ma ka faɗa da bakinka.

Ɗanladi: Ni tunda na ji an ce ƙirƙira na gane. GMO ce kawai, irin da aka sauya wa ƙwayoyin gado a ɗakin gwaji, ake sakaya mana.

Binta: Haba Yaya Ɗanladi! Barbara ce tsakanin alkama da alkama, a fili, da hannu. Sai a 1999 masana a cibiyar John Innes ta Ingila suka gano yadda abin ke aiki: tsiron ba ya amsa sinadarin gibaralin mai miƙar da kara yadda ya kamata, sai karan ya tsaya, abincin ya tafi ga ƙwaya.

Ɗanladi: To ga shi nan, sinadari.

Sani: Don Allah mu koma kan magana. Rht-B1 da Rht-D1 ɗin nan suna da illa: suna gajarta kuben da tsiro ke huda ƙasa da shi, in an shuka da zurfi don neman laima ba ya fitowa da kyau. Shi ya sa ake bin wasu kamar Rht8 a kuromozom 2D. In ba taswirar ƙwayoyin gado, ina za a neme su a cikin kuromozom 42 na alkama?

Garba: Rht8 ɗin ma ai Bature ne ya fito da ita, Strampelli na Italiya.

Binta: Daga Akakomugi, ita ma ta Japan. Sau biyu ke nan.

Malam Habu: Na yi wa yaro gyara, har yanzu bai janye ba, kuna ta Japan da Italiya.

Garba: Malam, ba gyaran harshe muka zo yi ba.

Hajiya Rabi: Garba, da Malam kake wannan maganar? Ya girmi mahaifinka.

Garba: Hajiya, ban zagi kowa ba.

Hajiya Rabi: Ka ba shi haƙuri kawai.

Sani: Ni tambayata ɗaya ce, aikina ɓata lokaci ne ko a'a?

Ɗanladi: Ka fara gaya mana wa ke biyan kuɗin aikin.

Usman, mai kula da zaure: To, ya isa haka. Abin da aka tsayar shi ne Japanawa ne suka gajarta alkama, kamar yadda Binta ta kawo hujja da shekara da suna, kuma babu wanda ya iya ture ta. Garba bai zo da komai ba sai kare Amurka da ɗaga wa Malam murya. Sani ya cire kalmar ƙirƙirar nan daga rubutunsa kafin ya sake gabatarwa. Na rufe tsokaci.