Shawarwari ga mai son zama daraktan tsara dandali

Matasanmu na Jidda sun tattauna kan aikin daraktan tsara dandali, mai kula da ɗaki, launin bango da kayan da ido zai gani a fim. Tun da Saudiyya ta sake buɗe sinima a 2018, harkar ta samu kasuwa.

Galibi sun ce a fara da zama mataimaki, ana ɗaukar kaya ana shafa fenti. Wani kafinta ya ƙara da cewa a koyi zane, awo da lissafi, don furodusa ba ya son jin "kuɗi sun ƙare". Shawarar da ta fi burge ni: a riƙa zaga Balad, tsohuwar unguwar Jidda, ana ɗaukar hoton tagogin katako da tsofaffin ƙofofi, a adana. A kuma halarci bikin fina-finai na Red Sea da ake yi a Jidda, a san mutane.