Intanet na kebul yana ɗaukewa yana dawowa a kwamfutar tebur

Ɗan Kurmi:
Assalamu alaikum masana. Kwamfuta ce ta tebur mai Windows 10, an jona ta da rauta (na'urar da ke raba intanet) da kebul mai tsawon kimanin mita 25 da aka bi da shi ta silin. Intanet ɗin sai ya ɗauke na daƙiƙa goma ko ashirin, ya dawo da kansa, wani lokaci sau da yawa cikin awa guda. Wayoyin da ke kan Wi-Fi na wannan rauta ba sa ganin wata matsala. Wani abin kuma, ramin kwamfutar da na rauta duk na gigabit ne, wato 1000 Mbps, amma Windows tana nuna gudun 100 Mbps. An kashe an kunna, an sake saka direba (manhajar da ke sarrafa katin intanet na kwamfutar), ba ta canja ba. Don Allah daga ina zan fara?

Injiniya Sabo:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka sayi komai, gano inda yake yankewa tukuna. Buɗe cmd, tagar rubuta umarni ta Windows, rubuta `ipconfig`, duba lambar da ke gaban Default Gateway. Ita ce adireshin rauta, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Sai ka buɗe taga biyu ka ajiye su gefe da gefe. A ɗaya rubuta `ping -t` da adireshin rauta, a ɗayar kuma `ping -t 8.8.8.8`. Ping yana aika saƙo ne ya jira amsa, 8.8.8.8 kuma adireshin Google ne a intanet. Bar su suna gudu har matsalar ta taso.

Idan na rauta ya ci gaba da amsawa amma na 8.8.8.8 ya tsaya, laifin daga rauta zuwa waje yake, kwamfutarka ba ta da hannu. Idan duk biyun suka tsaya tare, to tsakanin kwamfuta da rauta ne. Idan kuma duk biyun suna amsawa amma shafuka ba sa buɗewa, DNS ne, mai mayar da sunan shafi zuwa adireshi, canja shi zuwa 8.8.8.8 ko 1.1.1.1.

A daidai lokacin da ya ɗauke, leƙa bayan kwamfutar ka kalli 'yan fitilun da ke bakin ramin kebul. In sun mutu sun sake kamawa, haɗin ne da kansa yake faɗuwa.

Ni dai abin da ya fi ɗaukar hankalina a bayaninka shi ne 100 Mbps ɗin nan. Kebul yana da silin waya takwas, an murɗe su bibbiyu. Gigabit sai da duka takwas ɗin, shi kuwa 100 Mbps huɗu kawai yake amfani da su, na fil 1, 2, 3 da 6. Idan sili ɗaya yana taɓawa yana saki, na'urorin biyu za su haɗu a gigabit, haɗin ya faɗi, su sake daidaitawa su sauko 100. Wannan sake daidaitawar ita ce daƙiƙun da kake rasawa. Ɗauko kwamfutar kusa da rauta, jona ta da gajeren kebul na kamfani mai mita ɗaya ko biyu, ka bar ta wuni guda. In ta zauna a 1.0 Gbps ba yankewa, magana ta ƙare.

Malam Habu Mai Gyara:
Injiniya ya faɗi gaskiya, bari in ƙara a kan kebul ɗin, don a nan aka fi yin ganganci. Mita 25 ba tsawo ba ne, kebul nau'in Cat5e yana kai mita 100 lafiya lau. Kan RJ45, wato kan robar da ke bakin kebul, shi ne abin dubawa. Ɗaga shi a haske: kowane sili ya kai ƙarshen kan, ana ganin jan ƙarfensa ta gaba, filolin nan takwas masu ruwan zinare sun nutse daidai wa daida, rigar kebul ɗin kuma ta shiga ciki an danne ta. Idan ɗan harshen robar da ke riƙe shi ya karye, yanke kan ka sa sabo, domin girgizar tebur kaɗai ta isa ta saki shi.

Jerin launukan ɗaurin kai, wanda ake kira T568B, daga fil na 1: fari da lemo, lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Masu ɗaurin gaggawa sukan jera launukan yadda suka ga dama, su dai yi iri ɗaya a kai biyun. Ƙaramin abin gwaji mai fitilu takwas zai nuna maka komai daidai, alhali an raba tagwayen da ya kamata su hau fil 3 da 6. Irin wannan kebul yana aiki a gajeren zango, ya riƙa zubar da bayanai in ya yi tsawo. Kada kuma a warware murɗin ya wuce milimita 13 a bakin kan.

Sai ingancin kebul. Akwai wanda ake rubuta wa CCA, alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama. Kankare sili ɗaya da reza, in cikinsa ya fito fari, shi ne. Yana saurin karyewa a inda aka lanƙwasa. Tunda naka ta silin ya bi, a hau a duba ko ɓera ya ci shi, ko ƙusa ta huda shi, ko an ɗaure shi jikin wayar wuta.

Ummu Hanan:
Idan gajeren kebul ɗin ma bai hana ba, Malam, sai a koma cikin Windows. Device Manager, Network adapters, danna katin sau biyu. A Power Management cire alamar da ke ba kwamfuta damar kashe katin don tanadin wuta. A Advanced kashe Energy Efficient Ethernet, katin Realtek kuma yakan zo da Green Ethernet, shi ma a kashe. Waɗannan suna sa ramin ya yi gyangyaɗi in ba zirga-zirga, wasu rautoci kuma ba sa tashinsa da kyau. Speed & Duplex a bar shi a Auto Negotiation. Tilasta shi a gefe ɗaya kawai yana haifar da saɓani, gudun ya lalace.

Direba kuwa, ɗauko daga shafin kamfanin da ya ƙera babban allon cikin kwamfutar (motherboard), kada ka tsaya ga wanda Windows ta saka da kanta. Kuma da zarar ya ɗauke, sake buga `ipconfig`. Adireshi mai farawa da 169.254 yana nufin rauta ba ta ba ka lamba ba. Idan kuwa an taɓa sa wa kwamfutar lamba da hannu, wataƙila wata na'ura tana karo da ita, mayar da kwamfutar ta karɓi lamba kai tsaye daga rauta.

Ɗan Kurmi:
Allah Ya saka da alheri. Na yi gwajin, tagogin biyu tare suke tsayawa, fitilun ma mutuwa suke. Da gajeren kebul ta hau 1.0 Gbps, tun safe ba ta motsa ba. In canja kebul ɗin gaba ɗaya ne?

Malam Habu Mai Gyara:
A'a, fara da mai araha. Yanke kai biyun, a ɗaura sababbi bisa jerin da na rubuto, ka kuma gwada wani rami a bayan rauta. In har yanzu 100 take nunawa, karayar tana tsakiya ne, sai a ja sabon Cat6 na jan ƙarfe zalla, a sa shi cikin bututun roba saboda ɓeraye. Kada a yarda a yi masa jonin salatif a tsakiya.