Taraktar Baba ta haɗa ruwa da mai, ga damina a bakin ƙofa

Manomin Kadawa: Salamu alaikum 'yan uwa, a taimaka min da shawara. Massey Ferguson 135 ce, mai injin Perkins silinda uku. Baba, Allah ya jiƙansa, ya saye ta tun ban shiga firamare ba, da guminta ya aurar da yayyena mata uku. Ranar rabon gado babban yayanmu ya dage a sayar, ni na biya kowa kasonsa, har yau matarsa ciki-ciki take amsa gaisuwata. Shekaranjiya ina haro ta ɗauki zafi, na ƙara mata ruwa na ci gaba. Yanzu sai farin hayaki, na zaro sandar awon mai na ga baƙin mai ya koma kamar kunu da madara. Mutum huɗu sun riga sun ba ni kafin alƙalami na huɗa.

Oga na Ƙofar Ruwa: Top, wato murfin saman injin, ya tsage, magana ta ƙare. Ruwan sanyi ka kwara wa inji yana tafasa. Tun 1975 aka daina ƙera 135, sauke injin ka ɗora wani.

Ɗan Funtuwa: Haba Oga, ba a buɗe ba ka yanke hukunci? Sau da yawa gasket ne kawai, shimfiɗar nan da ke tsakanin top da jikin injin. A kwance top a kai a duba ko ya lanƙwashe. Amma Malam, kada ka sake tayar da ita, ruwan nan zai cinye metal, wato boris ɗin cikin injin. Yaushe rabonka da wanke lagireto?

Baban Ummi: Ni dai kar ka bar ta ta kwana a gareji. Tawa Steyr ce haɗin Bauchi, makanike ya musanya min famfon gas da mataccen, muna gaban mai unguwa har yanzu.

Oga na Ƙofar Ruwa: Ɗan Funtuwa, kana goye nake kwance Perkins. Ya sayi gasket sau biyu, zai dawo ya same ni.

Manomin Kadawa: Ruwan fa ba mai sanyi ba ne, a jarka ya wuni cikin rana. Kuma haka Baba yake yi, ba ta taɓa komai ba. Injin da ya bari ba zan sauke ba. Wani yaro ya ce akwai garin da ake zubawa a lagireto ya toshe, ko zai kai ni ƙarshen huɗa?

Oga na Ƙofar Ruwa: Zuba mana, ai taka ce.

Baban Ummi: Wai nawa aka yi maka kuɗinta ranar rabon?