Kwana biyu a birnin Cork: me zan ci, ina zan leƙa?

Hauwa_Zariya:
Assalamu alaikum. Taro zai kai ni Cork, a kudancin ƙasar Ayalan, cikin watan Oktoba, kuma zan samu rarar Asabar da Lahadi. Ina so in ɗanɗana abincin mutanen garin na asali, amma ina gudun naman alade da giya. Waɗanda suka san garin, don Allah ta ina zan fara?

Malam Sani:
Wa alaikumus salam, Malama Hauwa. Ki fara da English Market, kuma ki je ranar Asabar da safe, domin ba ta ci ranar Lahadi. Kasuwa ce mai rufi a tsakiyar gari, tana nan tun 1788, ana shigarta ta Princes Street ko ta Grand Parade. Layin masu kifi shi ne naki: kyafaffen kifin salmon da mackerel, a yanka miki kaɗan a takarda. Ki haɗa da burodinsu mai ruwan ƙasa da suke kira soda bread. Ba a sa masa yis, garin alkama ne da tsala da gishiri da hodar soda, shi ya sa yake da nauyi, yana kuma bushewa da wuri. Ki saya ki ci a ranar, da man shanu mai gishiri.

Yanzu ga inda ake zamewa. Abincin da aka fi sanin Cork da shi, tripe and drisheen, tumbi ne da ake dafawa a madara da albasa, amma shi drisheen ɗin daskararren jini ne. Black pudding ma jini ne, white pudding kuwa yawanci naman alade ne da kitse. Crubeens ƙafar alade ce. Karin kumallon da otal zai kira full Irish, kusan rabin farantin alade ne, don haka ki ce a ba ki ƙwai da wake da tumatir da gasasshen burodi, a soya su a kasko daban.

Waɗanda suka fi yaudarar baƙo su ne masu kama da halal. Romon kifi mai kauri, seafood chowder, wasu masu girki kan fara shi da soyayyen naman alade ko su zuba farar giya. Kwaɓin fulawar da ake tsoma kifi kafin suya wani lokaci da giya ake dama shi. Duk inda kika ga stout, porter, Guinness, Murphy's ko Beamish a jikin sunan miya ko burodi, giya ce. Takardar abincinsu tana nuna abubuwa 14 masu tayar wa wasu mutane rashin lafiya, kamar gyaɗa da madara, amma alade da giya ba sa cikin jerin. Sai kin buɗe baki kin tambaya, kuma ba sa jin haushin tambaya.

Binta K.:
Malam Sani ya gama da abinci, bari in ɗora da yawo. Tsakiyar Cork tsibiri ne tsakanin rassa biyu na kogin Lee, ƙafa ta ishe ki. Daga kasuwar ki tsallaka gada zuwa arewa, ki hau tudun Shandon. Can ne cocin St Anne, wanda aka gina a 1722. Gefe biyu na hasumiyarsa jan dutse ne, biyu fari, a ƙololuwa kuma akwai siffar kifi mai ruwan zinari da ke nuna inda iska ta dosa. Matakala 132 ne, suna ƙara matsewa can sama, har sai kin sunkuya ta gefen ƙararrawa, shi ya sa ake ba mutum abin toshe kunne. Doguwar abaya tana harɗe ƙafa a wurin, ki tattare ta, ki kuma sa takalmi mara tsini.

Dab da cocin akwai gidan tarihin man shanu. Kar ki raina shi don ƙanƙantarsa. A ƙarni na 19 kasuwar man shanu ta Cork ce mafi girma a duniya, daga nan ake loda shi a gangunan katako zuwa ƙasashe masu nisa. A titin Shandon da North Main Street za ki ga shagunan 'yan Afirka da 'yan Asiya, nan ake samun naman halal.

Lahadi ki ba wa Cobh, wani gari na bakin teku kusa da Cork. Jirgin ƙasa daga tashar Kent bai kai rabin awa ba. Nan ne jirgin ruwan Titanic ya yi tsayawarsa ta ƙarshe ranar 11 ga Afrilu 1912, ya ɗauki mutum 123, lokacin ana kiran garin Queenstown.

Abu Yasir:
Ƙarin bayani kan nama, 'yar'uwa. Spiced beef na Cork, wato naman sa mai kayan yaji, da Irish stew, wato dafaffen naman rago da dankalin turawa da albasa, babu alade a cikinsu, amma a yawancin gidajen abinci ba yankan Musulmi ba ne. In kina kiyaye wannan, ki tsaya kan kifi.

Laima ba ta jure iskar Oktoba, rigar ruwa mai hula ta fi. Ki kuma tabbata bizar Ayalan ce a fasfonki, domin ƙasar ba ta cikin Schengen, bizar Birtaniya kuma ba ta shigar da ɗan Najeriya.

Hauwa_Zariya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti Binta, fadar Blarney fa, zan iya haɗa ta da Cobh a rana ɗaya?

Binta K.:
Za ki iya, amma a gurguje, don ba hanya ɗaya suke ba, sai kin dawo cikin gari kin canza mota. Blarney kamar kilomita 8 ne daga Cork, bas mai lamba 215 ke zuwa, ga motocin Lahadi ba su da yawa. Ki tafi can da zarar an buɗe, kafin layin masu hawa saman fadar ya yi tsawo, sannan ki kama jirgin Cobh bayan azahar.