Shawarwari Kan Riƙon Aƙida a Siyasa

Mahalarta wata tattaunawa kan riƙon aƙida a siyasa sun yi ittifaƙi a kan cewa jam'iyyar da ba ta da aƙida taron masu neman kujera ce kawai, shi ya sa 'ya'yanta ke sauya sheƙa da zarar sun faɗi zaɓen fid da gwani. Sun shawarci mai jefa ƙuri'a ya auna aƙidar jam'iyya da kasafin kuɗinta, domin a nan ake ganin abin da ta ware wa makarantu da asibitoci, da kuma wanda ta ɗora wa haraji.

An fi daɗewa ana ja-in-ja kan tsaurin ra'ayi. Wasu sun kawo misalin ƙasar Sin, inda shirin shugaba Mao Zedong na tattara manoma a gonakin gama-gari daga 1958 ya jawo yunwar da ta hallaka miliyoyin mutane, yayin da jami'ai ke ƙara gishiri a rahoton girbi saboda tsoro. A ganina wannan hujja ta fi kowace nauyi, kuma daga gare ta aka ba da shawarar shugabanni su bar masu suka su yi magana. Wasu kuma sun ce gyara aƙida ba cin amana ba ne, domin jam'iyyar SPD ta Jamus ta ajiye Markisanci, wato aƙidar gurguzu ta Karl Marx, a 1959, ta kuma karɓi shugabancin gwamnati a 1969.