Tun da na fara shan maganin damuwa nake gani dishi-dishi

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Likita ya ɗora ni a kan sertraline saboda ciwon damuwa. Alhamdulillahi barci ya fara dawowa, amma idona ya canza. Sai na nesanta waya kafin in iya karanta saƙo, fitilar mota da dare tana kashe min ido, kunnena kuma wani lokacin sai ya ɗauki shuuu. Ranar da na manta ban sha ba, na ji wani zirr a cikin kaina kamar lantarki ya ja ni. Maganin ne, ko wani ciwon ne daban? Har na fara tunanin ajiye shi.

Wata 'yar'uwa: Wa'alaikumussalam. Don Allah kar ki ajiye shi da kanki. Wannan zirr ɗin yana zuwa ne idan maganin ya ragu a jini farat ɗaya, in kika yanke kuwa sai ya haɗa da jiri da tashin zuciya. Masu shan paroxetine da venlafaxine, su ma magungunan damuwa ne, sun fi fama da shi, don suna saurin fita daga jiki. In ragewa za a yi, likita ne zai rage a hankali.

Wata ma'aikaciyar jinya: Sannu ƙanwata. Irin waɗannan magungunan suna iya buɗe ƙwayar ido, haske ya riƙa shiga fiye da kima. Yawanci yana lafawa bayan makonnin farko. Amitriptyline ma ya fi yin haka, har da bushewar ido da baki. Amma ki kula da wannan: in idon ya yi ja da ciwo mai tsanani, kina ganin zobe kamar bakan gizo a kewayen fitila, ga amai, to alamar hawan jinin ido ce ta gaggawa. A daren za ki tafi asibiti, ba a jiran safiya, don yana iya makantarwa. Ki dakata da tuƙin dare tukuna.

Wani ɗan'uwa: Ni escitalopram nake sha. Nawa ba ido ba ne, mafarkai ne rututu, sannan na zama ba farin ciki ba baƙin ciki. Da na faɗa wa likita ya gyara min adadin, abin ya yi sauƙi. Kuma kar ki kuskura ki haɗa maganinki da tramadol, haɗarinsa babba ne. In kika fara jin muryoyi ko ganin abin da babu, nan take ki koma wurin likita.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Idon bai yi ja ba, Anti, kuma ba ya ciwo. Gobe in sha Allahu zan je wurin likita, zan gaya masa har da maganar kunnen.